Uban Kiɗan Shiru na Nsambya

Duk wanda ya ce bai san Gwani Anatoli Kasozi ba a Kampala, to jiya ya sauko daga motar ƙauye. Shi ne mutumin da ya fara gano cewa kiɗa ba sai an yi masa rawa ba, kai, ba sai an ji shi ba ma. Shekara talatin ke nan da ya je Turai ya yi wata huɗu yana naɗe wayoyi a situdiyon wani babban mai haɗa sauti. Ya dawo da baƙar hula da labarin cewa Baturen ya taɓa tambayarsa ƙarfe nawa. Tun daga ranar ƙasa ta yi uba a fannin kiɗan natsuwa, irin wanda ake jan sauti guda har mai sauraro ya manta me ya kawo shi. 'Yan acaɓa na kiransa Sarkin Shiru, ko da yake ba a taɓa kama shi yana yin shirun ba.

Faifansa uku. Na farko ƙarar ruwan sama ce a kan kwano. Na biyu ita ce dai, amma an rage mata gudu. Na uku yana cikin akwati, don ya ce kunnen jama'a bai nuna ba tukuna.

Matasa masu son sana'ar sukan yi tururuwa zuwa gidansa a unguwar Nsambya, shi kuwa yana da tsarin koyarwa da babu irinsa. Zai zaunar da su a benci a barandar baya, kusa da kicin, awa huɗu, ba magana, ba taɓa waya. “Wanda bai iya jira ba, bai iya ji ba,” in ji shi. Sai ya shige ɗaki ya kulle don ganawa da sauti, wanda maƙwabta suka shaida ta hanci yake fitowa. Da la'asar ya leƙo ya ce darasi ya ƙare. Cikin shekara ashirin babu ɗalibin da ya taɓa ko maɓallin na'urarsa. Matarsa, Maama Nansubuga, ita ce kunya kan sa ta miƙo musu shayi da soyayyen rogo.

Abin mamaki, ɗaliban suka shahara. Wata Nakawunde har Tokyo ake gayyatarta. Duk wanda ya fito a jarida, Gwani ya yanke hoton ya manna a bango ya ce, “Ɗan bishiyata ne.” Da ya ji tsofaffin ɗaliban sun gina zauren sauraro, kuma za su sa masa sunan abin da ya fi tasiri a kansu, bai tsaya tambaya ba. Ya ba da ɗinkin sabuwar kanzu, doguwar rigar nan ta manyan taro, ya aika wa mai sassaƙa allo yadda ake rubuta sunansa, ya gayyato dangi daga garin Masaka cikin mota guda.

Ranar bayyana suna ya karɓi makirfo tun kafin a ba shi. Ya yi minti hamsin yana bayanin darajar shiru. Ya ce kafin shi Kampala hayaniya ce kawai, ya ce shi bai son yabo, amma gaskiya ba ta ɓuya. Dangi suka tafa, wasu don sun ga alamar zai zauna.

Sai Nakawunde ta miƙe, ta rusuna masa yadda ya kamata.

“Gwani, ba don gidanka ba da babu ko ɗayanmu. A barandar nan akwai wani tsohon firji. Yana da gurnani mai hawa da sauka, in ya gaji ya yi tari ya ɗauke, sannan ya dawo da wata murya. Shi muka saurara shekara da shekaru. Duk faifan da muka yi, shi muke ƙoƙarin kamowa, kuma har yau ba mu kai shi ba. Mun yi ƙuri'a, babu wanda ya saɓa. Wannan wuri sunansa Zauren Firji.”

Gwani ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma wanda ya yi shekara talatin yana hawan dokin kara ba ya sauka a gaban dangi. Ya gyara hula, ya ce dama abin da yake jira su gano ke nan. Ya ce shi da kansa ya zaga shagunan birni yana kara kunne har ya zaɓo wannan firji, saboda muryarsa.

Daga layi na uku Maama Nansubuga ta ɗaga hannu, ba ta ko tashi ba.

“Baban yara, gwaggona ce ta ba ni shi ranar aurenmu. Kai kuwa sau uku kana cewa in fitar da shi, wai yana hana ka barcin rana.”