Rigijib da Kujerarsa Mai Ƙafa Uku da Rabi

Ku matso ku gyara zama, amma kowa ya duba ƙafar kujerarsa tukuna, don yau labarin babban mutum zan ba ku. Shekarunsa goma sha shida, gashin bakinsa bai gama shawarar fitowa ba, amma shi ne ginshiƙin da ya tokare gidan talabijin kada ya rufta. Da bakinsa ya faɗa, wa kuwa ya fi shi sani?

A shirin barkwanci na ranar Asabar sunansa Rigijib, aikinsa kuma ba na ƙananan mutane ba ne. Za a nuna aji, ga malami riƙe da alli. Sai gogan naku ya shigo a makare, hula ta rufe kunnuwa, tabarau mai kaurin gindin kwalba, ga wando da ya yi faɗa da idon sawu. Malami ya ce, "Zauna!" Ya zauna a kan wata kujera mai ƙafa uku da rabi. Kujera ta yi ƙiii, ta ɗan yi tunani, ta karkace, sai rigijib! Ƙafafu sama. Shi ke nan, sai wani makon.

Wannan gagarumin aiki shi ya sa ya fi ƙarfin aike. In uwarsa ta ce ya sayo sabulu, sai ya dafa ƙirji.

"Umma, ki tausaya wa masu motoci. In na fita da rana tsaka, cunkoson masoya zai toshe titi."

In fitar ta zama dole, sai ya ƙwama baƙin gilashi don kada a gane shi. Ba a kuwa taɓa gane shi ba, ko da gilashin ko babu, shi kuma ya ɗauka ƙwarewarsa ce a ɓad-da-kama. Kakarsa kaɗai ke biye masa. Ita ce ba ta bari shirin ya wuce ta, tana tafi tana cewa, "Ga mijina nan, ga mijina nan!"

Wata rana ya je aski, aka yi dace ana maimaita shirin a talabijin ɗin shagon. Maza suka yi ta ƙyaƙyata dariya har da buga cinya. Tauraro ya yi gyaran murya. Ya sake yi. Mai aski ya danna masa ƙeya ya ce, "Yaro, in mura kake ka bari in gama." Wani direba da ke jiran layi ya share hawaye ya ce, "Wallahi kujerar nan za ta kashe ni. Ka ga yadda take jira kafin ta kayar da shi? Kujerar nan ta iya wasa!"

Maganar ta tsaya wa gogan a wuya kamar ƙayar kifi. Wato katako ake yabo, alhali ga ɗan Adam a zaune? Washegari ya saka rigar yayansa mai kafaɗa, ya nufi ɗakin ɗaukar shiri. Ya tarar da darakta yana sakace, masu fitila suna jan waya, kujera tana gefe an lulluɓe ta da zane saboda ƙura. Ya hau kan akwatin kayan aiki don kowa ya gan shi.

"Ranka ya daɗe, na yi haƙuri iya haƙuri. Giwa ba ta kwana a akurkin kaji. Jama'a suna ƙishirwar jin muryata, ku kuma kun mai da ni buhun gawayi, kullum a ƙasa. Daga yau ina son jawabi mai tsawo, wanda zan yi kuka a ƙarshensa. Ina son sunana ya riga na malami fitowa. Batun faɗuwa kuwa, na bar wa masu tasowa. Ku zaɓa, ko ni ko kujera!"

Darakta ya cire tsinke daga baki. Ya dubi tauraro, ya dubi kujera, ya sake duban tauraro, kamar mai taya rago a kasuwa.

"Ita dai ba ta taɓa makara ba," in ji shi. "Ajiye mana hular da tabarau a kan tebur."

Gogan ya fita yana taku ɗai-ɗai, don ya ba su damar rugowa su riƙe shi. Har ya kai bakin titi babu wanda ya rugo sai wata akuya. Bai damu ba. Ai sai bango ya faɗi ake sanin amfaninsa. Ya koma gida bai faɗa wa kowa ba, ya cika wayarsa da caji, ya shirya yadda zai ja aji in an zo bikonsa: roƙo na farko ya ƙi, na biyu ya ce zai yi shawara, na uku ya yafe musu don Allah. Waya kuwa ta yi ƙara sau ɗaya a makon, kamfani ne ke tallar waƙa.

Asabar ta zo. Gida ya hallara a falo, har da 'ya'yan maƙwabta a ƙasa. Tauraro ya harɗe kusa da kakarsa, yana jiran ya ga yadda shiri zai mutu a tsaye. Watakila ma darakta ya fito ya ba al'umma haƙuri.

Aka nuna aji. Ga malami, ga alli. Ƙofa ta buɗe, sai ga Rigijib ya shigo a makare! Hular ce, tabarau ɗin ne, wandon nan ne da bai shirya da idon sawu ba. Ko wane ɗan talaka aka zura a ciki, Allah masani. Malami ya ce, "Zauna!" Kujera ta yi ƙiii, ta yi tunaninta, ta karkace. Rigijib!

Falo ya kaure da dariya. Yara suna birgima, uwarsa ta riƙe ciki. Kaka ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, ta laluba ta kamo hannun jikanta ta ɗaga sama.

"Kai, mijina! Duk faɗuwar da kake yi, ban taɓa ganin mai daɗin ta yau ba. Da can kamar kana tsoron ƙasa, amma yau ka saki jiki. Allah ya yi maka albarka!"

Kowa ya juyo yana tafa masa. Tauraro ya buɗe baki, ya dubi talabijin, ya dubi wayarsa da ke kwance shiru kamar an yi mata rasuwa. Ya gyara wuyan riga.

"Ai, Kaka," in ji shi, "abin sai da ƙwarewa."