Zobban Sandar Fatsa

Da Isufu, direba ɗan Nijar, ya kawo min sandar kamun kifin maigidansa na unguwar Batterie IV a yi mata ado da zare, dariya na yi. Ni da na ƙare ƙuruciyata a ɗinkin hula a Kano, sanda ce za ta gagare ni?

"Malam, ka taɓa kama kifi kuwa?" in ji Isufu. "Ni na tsaya maka fa."

"Na taɓa ci," na ce masa.

Na naɗe ta da ja da ruwan ƙwai, gwanin sha'awa. Sai wasu ƙananan zobba da ke jere a jikinta suka tsone min ido. Maɗinki ba ya barin rami a buɗe. Na saƙe cikinsu tsaf, na bi da gam.

A bakin teku, a Port Môle, maigidan ya zo zura igiyar fatsa, ya rasa ta inda za ta bi. Ashe hanyarta na toshe. Bawan Allah ya daɗe yana shafa aikin, ya ce a bango zai rataye ta.

Har yau in na doso majalisa, sai Isufu ya dafe fuska: "Jama'a, kowa ya kare ƙofofin hancinsa, ga Malam nan da zare!"