Kurajen Dokta Sha-Yanzu

Idan ana lissafin waɗanda Allah ya yi wa baiwar sanin magani a unguwarmu, Dokta Sha-Yanzu ne na farko, shi ne na biyu, sannan a bar fili kafin a ambaci wani. Bai taɓa zama a ajin koyon likitanci ba, kuma nan ƙarfinsa yake, domin babu malamin da ya samu damar ɓata masa basira. Farar rigarsa ta fi ta kowane likita haske. Abin sauraren ƙirji kuwa ba ya barin wuyansa, ko da audugar goge kunne ka zo saye. An ce ɓari ɗaya ya toshe tun tuni, amma gwani ba ya buƙatar kunne biyu.

Kemis ɗinsa ɗaki ɗaya ne: kanta, benci, fanka mai kuka, da manyan kwalabe jere a bango. A kwalaben nan hikimar take. Duk maganin da ya shigo, Dokta kan ɓare shi daga kwalinsa, ya zuba a kwalba bisa launi. Farare wuri ɗaya, jajaye wuri ɗaya, kafso masu launi biyu suna da tasu. Kwalayen kuma ya ƙone su a bayan shago.

"Mara lafiya in ya san sunan magani, gobe shi ma likita ne," in ji shi. "Jibi kuma ka gan shi a kemis ɗin bakin titi yana kiran suna kamar shi ya raɗa. Sunaye a nan suke." Sai ya ƙwanƙwasa goshinsa.

Ba mu taɓa shakkar goshin ba. Sai dai shekaru sun yi yawa, farare ma sun yi yawa.

In ka kawo masa ciwo, ba ya ɓata maka lokaci da tambaya. Zai dubi sama, ya ce infekshan ne ya haɗu da sirkuleshan, ya ɗebo nan, ya ɗebo can, ya ƙulle maka a leda. Ka sha safe da yamma. Wanda bai dawo ba, Dokta kan sa shi a lissafin waɗanda suka warke, shi ya sa babu likitan da ya kai shi yawan nasara.

Babbar fahimtarsa kuwa a kan kuraje take. Akwai telan da ke maƙwabtaka da shi, ya sha haɗin tari, ya wayi gari jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, yana susa har ba ya iya riƙe almakashi. Ya zo a tsorace ya ɗaga riga. Dokta ya duba, ya yi murmushin manomin da shukarsa ta tsiro.

"Madalla! Ciwo ne ke fita. 'Yan asibiti su ce maka riyakshan, su ce alaji, su ce sayid ifek, duk don su tsorata talaka. Ni da na san ma'anar kalmomin nan ina gaya maka: ciwo ɓarawo ne, magani ya rutsa shi, ya rasa ƙofa sai fata. Yanzu ne za ka bari? Ninka dos!"

Tela ya ce to, ya tafi asibiti ta bayan layi. Bai sake dawowa ba, don haka shi ma ya warke.

Ana haka masu kemis na yankin suka tashi zaɓen shugaban ƙungiya. Dokta ya tsaya takara, ba don son girma ba, sai don tausayin ƙungiyar. Abokin karawarsa mai kemis ɗin bakin titi ne, mutumin da ilminsa bai wuce sayar da magani a cikin kwalinsa ba. Kujerar nan Dokta yake kwana da ita, yake tashi da ita. Har ya sa an ɗinka masa sabuwar farar riga, a wurin wani telan daban.

Saura kwanaki kaɗan a yi zaɓe, haƙori ya tasa shi gaba. Wanzami ba ya son jarfa, amma Dokta ba wanzami ba ne. Ya ɗebo farare, ya ɗebo ja, ya ƙara da kafso, ya kora da ruwa. Haƙori ya lafa. Wuya kuma ya fara ƙaiƙayi, kuraje suka hauro daga ƙirji har bayan kunne.

Matarsa ta ce, "Maigida, don Allah ka ajiye ƙwayoyin nan. Kurajen nan irin na tela ne."

Da a ɗaki abin ya tsaya, wataƙila da ya ji. Amma kuraje ba su san sirri ba, sun leƙo ta saman kwalar riga, kuma masu zama a bencin kemis sun gani. Mutanen nan sun haddace huɗubarsa, suka yi masa barka, ciwo na fita. Dokta ya dube su, ya dubi kwalabe. Sannan ya ninka dos a gabansu, ya haɗiye yana murmushi. A gaskiya na tausaya masa a ranar.

Ranar zaɓe ya iso zauren taro da leɓɓa kamar an hura su da famfo, idanu jajur, sabuwar riga ta manne a baya. Ya hau mumbari don ya yi jawabi a kan ingancin magani. "Sirkuleshan" ta ƙi fita. Ya jingina da ginshiƙi kamar mai zurfin tunani, yana goga bayansa a hankali, sai ya yanke jiki ya faɗi. Mai kemis ɗin bakin titi ne ya kai shi asibiti a motarsa, 'yan ƙungiya suka bi baya.

Aka yanke farar rigar da almakashi, aka sa masa ƙarin ruwa da allura. Da ya dawo hayyacinsa, likita ta tsaya a kansa.

"Baba, magani ne jikinka ya ƙi. Wanda ya jawo maka wannan, kada ka sake shan sa har abada. In aka maimaita, ba lallai a kawo ka da numfashi ba. Mene ne sunansa?"

Dokta ya laluba goshinsa.

"Fari ne."

"Sunansa nake tambaya."

"Da wani ja."

Matarsa ta ciro ƙullin leda daga jaka ta miƙa. Likita ta juya shi a tafin hannu: ƙwayoyi tsirara, babu kwali, babu suna. Ranta ya ɓaci.

"Wane ne ya haɗa maka wannan?"

'Yan ƙungiya, masu ƙuri'a a hannu, suna tsaye kewaye da gado. Matarsa ta dubi silin. Dokta Sha-Yanzu ya runtse ido, ya tattaro abin da ya rage na leɓɓansa.

"Wani jahili ne a unguwarmu, likita. Bai san komai ba."

Kujera dai ta tafi bakin titi. Amma kada a tauye wa Dokta haƙƙinsa: a duk shekarun da ya yi yana duba marasa lafiya, ranar ce ya fara gano ciwo daidai.