Rasuwar Auta, Tsinken Goge Kunne

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da na rasa inda zan kai shi, ni Rabilu na Sae Sabuwa ina sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Auta, tsinken goge kunne na ƙarshe a gidanmu. Ya cika ranar Laraba, a bakin aiki.

Marigayin ya zo daga kasuwar Maraɗi cikin kayan ɗakin matata Hamdiya, kwali ɗaya da 'yan uwansa masu yawa. Kowannensu aiki ɗaya ya yi aka jefar. Shi kuwa da muka ga ba saura, sai muka raba masa aiki: kai ɗaya na inji, ɗaya na mutane. Da na injin yake share ƙasa daga bakin cajin salula, ya ɗiga mai a keken ɗinki, ya goge buji, wato fulogin moto. Da ɗayan Hamdiya ke gyara kwalli, ni kuma in kai man kanumfari ramin haƙori. A wanke shi, a shanya, gobe ya koma. Bai taɓa ƙorafi ba, sai ɗan ƙus-ƙus ɗinsa. Kunne dai bai taɓa shiga ba, don muna da gashin zabo.

Ya jima yana fama da sanƙo, audugar tana ta saki, amma ajali sai da surukina Malam Magaji ya zo daga Gidan Sori. Tun rani nake tanadin maganar da zan yi masa, ya ara mini shanun huɗarsa bana. Bayan an ci tuwo ya ce kunne na masa ƙaiƙayi. Ni da rawar kai, na ce babban baƙo ya fi ƙarfin gashin zabo. Na durƙusa na miƙa masa Auta da hannu biyu. Auta ya shiga kunnen da kansa, muka ji ɓas, ya fito ba kai. Kunnen dama ne kuwa, mai ji, don na hagu ya daɗe da ajiye aiki.

Na roƙi shanun kai a sunkuye, murya ƙasa-ƙasa, yadda ake magana da suruki. Malam ya ce amin, ya sa mini albarka. Na maimaita, ya ƙara sa mini albarka. Wa ya isa ya ɗaga wa suruki murya? Hamdiya kuma 'yar fari ce, ko inuwa ɗaya ba ta zama da uban. Ana haka sai ga maƙwabcina Tahiru, wanda ba ya auren 'yar kowa a Gidan Sori, ya leƙo gaisuwa. Ya ji abin da nake nema, ya kwarara nasa roƙon har awaki suka firgita. Nan take Malam ya ba shi shanun. Wallahi na ji zafin abin nan har cikin raina.

Marigayin ya bar salula mai ƙin caji, da keke mai kuka, da haƙori ɗaya da ya zama maraya.

Gangar jikin tana cikin gwangwanin allura, kan kuwa har yanzu yana kunnen Malam. Za a haɗa su a yi jana'iza da zarar likita a Gidan Rumji ya ciro shi. Zaman makoki a gonata ne, tun da sassafe, tunda ruwa ya sauka. Masu zuwa ta'aziyya kada su wahalar da kansu da hatsi ko goro. Kowa ya zo da hauyarsa.