Liƙin da Na Yi wa Ɗana a Abuja

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Abuja ba, ko da ina so in manta, don har yau akwai masu tuna mini. Shekarata hamsin da biyu a lokacin, saboda haka ba zan ce yarinta ce ba. Da furfurata na yi.

Ni mai gyaran rediyo ne a Wudil, ko in ce na taɓa zama, domin tun da waya ta shigo babu mai kawo rediyo sai tsofaffin da ke biya da addu'a. Boko kuwa a aji biyu na sakandare na ajiye shi. Ɗana na fari (Abba muke ce masa a gida, ba na kama sunansa) shi na sa rai zai yi karatun da ban yi ba. Ya kuwa yi. Da ya gama sai ya tafi Abuja ya shiga ƙungiyar masu wasan kwaikwayo, irin wasan nan da ba a iya cewa "ina kwana" sai an rera shi an taka rawa. Ranar da ya gaya mini na dube shi na ce, "Wato gonar da na sayar, maroƙi na saya da kuɗinta." Ya ɗauki jakarsa ya fita. Shekara biyu ba mu yi magana ba sai ta bakin uwarsa.

Ta bakinta ɗin na ji cewa an ba shi waƙa shi kaɗai a wani sabon wasa, karo na farko, kuma ya ajiye mini tikiti. Har kuɗin mota ya so ya turo, na ce ba na so. Gaskiyar magana ina son mu shirya. Abin da ba na so shi ne in buɗe baki in ba shi haƙuri, don ubana bai taɓa ba ni ba, kuma ban mutu ba. Sai dabara ta zo mini: liƙi. A garinmu idan mawaƙi ya burge ka ba surutu kake yi ba, tashi kake ka manna masa kuɗi a goshi, kowa ya gani, magana ta ƙare.

Na je gidan mai na canzo 'yan hamsin-hamsin sababbi, don su yi auki. Na ƙulla garin kwaki da ƙuli-ƙuli a leda, na shiga motar da ake cusa mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Masauki kuwa ɗakin Sale ne a unguwar Jikwoyi, ɗan garinmu da ke tura baron lemo. Su biyar ne a ɗakin, na zama na shida. Da na gaya masa abin da ya kawo ni ya yi dariya ya ce, "Malam, shekarata tara a garin nan, ban taɓa jin an biya kuɗi don a zauna a kalli mutum yana waƙa ba tare da an raba shinkafa ba." Ban gaya masa maganar liƙin ba. Da na gaya masa ma ba abin da zai hana, shi ma bai sani ba.

Wasan na yamma ne, bayan la'asar. Mota biyu na shiga, sauran na taka da ƙafa, na isa babbar rigata ta jiƙe. A bakin ƙofa na tambayi kuɗin ruwan gora, da na ji sai ƙishirwar ta tafi da kanta. Wata yarinya mai tocila ta karɓi tikitina ta kai ni can layin baya.

"Baba, ki zauna nan."

"Ni ba 'ki' ba ne."

"Yi haƙuri, Baba. Ki zauna."

Na zauna. (Hausar Abuja ke nan, namiji da mace duk ɗaya ne, kamar a motar haya.)

Aka kashe fitilu, aka buɗe labule. Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi kyau. Labarin wani manomi ne da aka ƙwace wa gona aka gina gidaje a kai, rabi da Turanci rabi da Hausa, na kama abin da na kama. Amma abin da ya tsaya mini a rai mutanen da ke zaune ne. Manyan mutane, sai ƙamshin turare, mukullan motoci a hannu. Wata yarinya ta yi waƙa har jijiyar wuyanta ta tashi, babu wanda ya taɓa aljihunsa. Tafi kawai. Raf-raf-raf, su koma su jingina. Na ce a raina, lallai rowa a birni take. Bari ɗana ya fito in nuna musu yadda 'ya'yan mutunci ke yi.

Ashe ya daɗe da fitowa. Shi ne manomin, an shafa masa fari a gemu, sai da ya buɗe murya na gane shi. Can aka bar shi shi kaɗai a kan dandamali, ya durƙusa, fitila ɗaya a kansa. Ya fara waƙar cewa ba shi da gona, ba shi da kowa, ba shi da ko sisi. Wurin ya yi tsit. Matar da ke kusa da ni tana share ido. Ni kuwa na miƙe.

"Baba, ina za ki?" in ji mai tocila.

Ban ko kalle ta ba. Na bi tsakiyar kujeru, na hau matakalar gefe, na tsaya a kansa. Idonsa a rufe yake, bai san na zo ba. Na zaro hamsin na ɗora masa a goshi. Ta zame ta faɗi. (Wanda ya ƙirƙiro kuɗin leda bai taɓa zuwa biki ba.) Na ɗora ta biyu, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Ta uku sai na sa babban yatsa na danna da ƙarfi, daidai kan wani ɗan baƙin abu da na gani manne a gaban goshinsa, wanda na ɗauka ƙuda ne ko kwalliyar wasa.

Dum! Duk lasifikokin wurin suka amsa.

Makirufo ne. Ni da na shekara ashirin da biyar ina gyaran rediyo da lasifika, har na masallacin Juma'a, ban gane makirufo ba. Kafin in ankara na riga na yi magana, kuma muryata ce ta cika ɗakin kamar sanarwar ɓatan akuya:

"Kai, ɗago goshin mana!"

Makaɗa suka tsaya. Abba ya buɗe ido. Ya yi ƙasa da murya yadda a ganinsa ni kaɗai zan ji, amma har na layin baya sun ji:

"Baba, don girman Allah ka sauka."

Sai wani daga tsakiya ya ɗaga murya, "Oga, ƙara masa ya fanshi gonar!" Wurin ya fashe. Matar da ke kuka ɗazu har da riƙe ciki. Wayoyi suka tashi sama. Wasu ƙarti biyu suka zo suka riƙe ni a hankali, kamar ana fitar da mara lafiya, aka ja labule. Ina waje na ji an sake waƙar daga farko, kuma da ya zo wurin "ko sisi" aka sake dariya.

Na zauna a bayan ginin a kan wani bulo, ina jira. Tunanina ɗaya: na je in gyara, na kashe masa aikin. Da aka tashi ya fito tare da shugabarsu, wata doguwar mata da suke kira Madam. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Baba, kai ne ta haifi wannan?"

Na ce ni ne.

"Yaronka yana da murya, shi ya sa ba zan kore shi ba. Gobe akwai wasa, ki zo. Amma ni zan zaɓa kujera."

Ta tafi ta bar mu. Abba bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Yana goge farin gemun da tsumma ya ce, "Baba, shekara biyu ke nan da ka ce mini maroƙi a cikin gida. Yau kuma ka hau mota ka zo ka faɗa a gaban jama'a."

Sai a lokacin na ga abin da na yi. Wa ake yi wa liƙi in ba maroƙi ba? Na duba hagu, na duba dama, babu kowa sai wata mage. Na ce, "To. Ka yi haƙuri."

Kalmar da na canzo kuɗi, na sha matsi tun daga Wudil don kada in faɗa, ita na faɗa a kan bulo. Ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini 'yan hamsin ɗina uku da aka tsinto a dandamali.

"Riƙe, ka sha ruwa. Ka ci abinci kuwa?"

Na ce na ci. Ya ce ƙarya ne, ya san garin kwaki ne. Muka tafi wurin mai tuwo, shi ya biya.

Ran Lahadi Madam ta cika alkawari. Tsakiyar layin tsakiya ta sa ni, wani mai tumbi a dama, wani a hagu, ko fitsari ya kama ni ba hanyar fita. Abba ya yi waƙarsa har ƙarshe, ba wanda ya yi dariya. Na yi tafi kamar kowa, har tafin hannuna ya yi zafi.

Yanzu a Wudil idan na wuce majalisa sai in ji wani ya ce, "Ɗago goshin mana," don hoton ya riga ni isa gida. Sai in wuce abina. Abin da na koya dai shi ne, idan ka shiga wuri ka ga masu kuɗi sun ƙi taɓa aljihu, kada ka yi saurin zagin su, ka fara tambaya tukuna. Kuma abin da ya fi ba ni haushi har yau, ni da na je Abuja ina lissafin kuɗin ruwan gora: abin da yaron yake so a wurina, in tafa masa in kuma ba shi haƙuri, duka biyun kyauta ne.