Ranar da Na Dafa Waakye da Sunan Adiza

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka koro mutanenmu daga Legas ba, shekarar yunwa, lokacin da shinkafa ta fi nama daraja a unguwarmu ta Nima. A lokacin ne Magajiya, shugabar matan layinmu, ta yi jika, ta kuma ba matata Adiza girkin suna: waakye, wato shinkafa da wake.

Ita Adiza, yabo ne abincinta. In aka ce mata "mutuniyar kirki", sai ta yi sati tana walwala. In wata ta amsa gaisuwarta a daƙile, ranar ba za ta ci tuwo ba. Sai ga zazzaɓi ya kwantar da ita ranar sunan. Na ce bari in je in faɗa wa Magajiya. Ta riƙe mini riga tana kuka.

"Baban Fuseini, kar ka je. Za su ce na ƙi ne. Za su ce Adiza ta canza."

Sai na ce ni zan dafa, a kai da sunanta. (Ni tela ne. Ko baƙi ban iya karantawa ba a lokacin, balle girki.) Na sha ganin tana jefa kanwa don wake ya yi saurin nuna. Na ce tunda sauri nake, bari in sa mai girman dunƙulen hannu. Na hura gawayi har wuta ta lashe mini gemu.

Na kai tukunyar da kaina, na laɓe a bakin zaure ina jiran yabo. Aka buɗe. Abin ya yi baƙi, ya caɓe, yana ƙamshin sabulu. Wata ta ɗanɗana ta tofar.

"Ei! Adiza ce ta yi mana haka? Da shinkafar mutane, a wannan yunwa?"

"Dama na ga kwanan nan tana ɗaga kai," in ji wata.

Abin da take gudu, ga shi na kawo mata da hannuna. Na cire takalmi, na shiga tsakiyar mata, na durƙusa.

"Magajiya, ni na dafa."

Duk suka juyo suna kallona. Sannan wata tsohuwa ta kalli gemuna, ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Sauran suka ɗauka. Magajiya kaɗai ba ta yi ba. Ta tambayi inda Adiza take, na faɗa.

Duk suka biyo ni gida. Magajiya ta zauna a bakin tabarma, ta taɓa goshin Adiza.

"Ke 'yar nan, tukunya muke so ko ke? Da kin mutu wa zai amsa?"

Adiza ta yi kuka, ta sha kokon da suka dama, ta yi barci har da minshari. Ni kuwa na sauke ajiyar zuciya.

Tun daga ranar, in ta gaji tana iya cewa a'a, ko da muryarta na rawa. Ni ma na koyi cewa mai allura ya tsaya a allurarsa, don har yau "Baba Kanwa" ake kirana daga Nima har maƙwabciyarta Maamobi. Abin da aka rasa: shinkafar Magajiya, tukunya ɗaya, da rabin gemuna.