Hannuwan Ilu

Ranar Talata, tara ga watan Safar, da hantsi, aka dawo da Ilu gidansu a ƙauyen Ɗinya, bayan ya daɗe a hannun masu garkuwa da mutane. Su uku ne a gidan: Inna Tabawa mai sayar da fura, da Ilu, saurayi ɗan shekara goma sha tara, da yayansa Tunau. Shi Tunau gemu ya cika masa fuska, amma duk abin da aka gaya masa haka yake ɗaukarsa, ba ragi ba ƙari.

Ilu ya dawo da rai, sai dai hannuwansa ba su da natsuwa. Ba ya magana, ba ya iya zama ya gama cin abinci, sai ya yi ta ƙartar jikinsa da farce har jini ya fito. Ƙanen mahaifinsu marigayi, Baffa Barmo, ya ce idan abin bai lafa ba kafin Lahadi ta sama, zai kai shi gidan mari a ɗaure hannuwan. Tunau ya ji, kuma ya san Baffa ba ya faɗa ya fasa.

Wata rana Inna za ta fita talla, ta ce, "Tunau, riƙe hannun nan nasa, kada ka sake shi." Tunau ya kama na dama ya zauna. Awaki suka shigo suka cinye geron da aka shanya, bai motsa ba. Da Inna ta dawo, ta tarar Ilu ya yakushe wuyansa da na hagu.

"Kana kallo, Tunau?"

"Ina kallo, Inna. Wannan kika ba ni. Wancan ba ki ce komai a kansa ba."

Wata rana suka kai shi ɗakin shan magani. Malamar jinyar da ke wurin ta ce irin wannan hannu ba a tsare shi da ƙarfi, aiki ake ba shi. A samo masa abu dunƙulalle mai laushi ya riƙa matsawa, kamar ƙwallon robar da ake sayarwa a birni, hankalinsa zai riƙa dawowa jikinsa. Tunau ya duba gidan kaf, bai ga dunƙulalle mai laushi ba sai furar Inna. Ya yi ta miƙa wa ƙanensa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana matsewa, har ƙwarya ta ƙare. Inna ta dubi ƙwaryar, ta dubi 'ya'yanta, ta share ido da bakin mayafi.

Wata rana Baffa ya ce ya ji matasan birni suna riƙe wani ɗan abu mai juyawa a tsakanin yatsu. "Da za a samu mai juyawa, da an gwada." Kafin Baffa ya idar da sallar la'asar, Tunau ya kwance tayar gaba ta keken dattijon ya ɗora wa Ilu a cinya. Ilu ya ture ta. Baffa ya koma gida a ƙasa da keke a kafaɗa, sauran haƙurinsa ya ƙare.

Lahadi da safe ya zo ya tsaya a tsakar gida.

"Tunau, kawo igiya a ɗaure shi kafin mota ta zo."

"Babu igiya, Baffa, sai ɓawon rama."

"To, ni zan tufka maka? Ba shi ya tufka wa kansa mana!" Ya fice neman mota yana tsaki.

Tunau ya jiƙa ramar, ya zube ta gaban ƙanensa, ya ce, "Baffa ya ce ka tufka." Ilu ya ɗauki sili biyu ya murza a tafin hannu. Ya sake murzawa. Kafaɗunsa suka sauka, numfashinsa ya daidaita. Rana ta yi tsaka bai tashi ba, bai taɓa jikinsa ba. Can ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ƙaro rama." Inna, da take tankaɗe, ta saki rariya.

Baffa ya shigo da direba, ya tarar da igiya ta nannaɗe a ƙasa.

"Ba a gama ba har yanzu?"

"Ba ka faɗi tsawonta ba, Baffa."

Baffa ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ji Ilu ya ce, "Sannu da zuwa, Baffa," idonsa a kan aikinsa. Dattijon ya daɗe a tsaye yana kallon yatsun nan, sannan ya juya ya sallami direba.

Ba a kai Ilu gidan mari ba. Tun daga ranar yake yawo da guntun rama a aljihu, kuma kafin wata ya mutu raunukan jikinsa sun warke.